Malmala Uku

Disamba

Zuwa ga mahaifiyata, Amayi,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya aiki a Blantyre, ya mutanen gidan da kike wa hidima? Kakarmu Agogo na gaishe ki, haka ma ƙannena Limbani da Takondwa.

Kin ce in ba ki labarin sakandare. A nan ba a ba mu kunu kamar a firamare. Amma ina son malamar lissafinmu, Malama Nachisale. Duk Juma'a takan rubuta mana wasa ƙwaƙwalwa a allo, kuma da abin da ake ciki take haɗa shi. Yanzu da ake shuka, ta rubuta yara uku da iri uku, masara, gyaɗa da wake, da ɗan bayani a kan kowa, ta ce mu gano wa ya shuka me. Ta ce mu riƙa soke duk abin da ba zai yiwu ba, abin da ya rage shi ne amsa, ko muna so ko ba ma so.

Ni na fara ganowa, amma na kasa ɗaga hannu. Dalitso da ke zama bayana ya leƙa takardata ya faɗa, aka tafa masa. Ya ce mini, "Na gode, bebiya." Ban ji haushi sosai ba.

Ruwa ya ɗauke tun da muka shuka. Agogo kullum tana kallon sama.

'Yarki,
Tadala

Fabrairu

Amayi,

Ina gaishe ki da kyau. Da fatan jikinki lafiya. Kada ki tsorata, amma ki karanta har ƙarshe.

Masara ta bushe tun ba ta kai gwiwata ba. Sau ɗaya muke ci, da yamma. Ajinmu ya rage rabi. Malama ta rubuta wasa ƙwaƙwalwa a kan gasa ɗanyar masara, don lokacinta ya kusa, sai Dalitso ya ce, "Malama, a wace gona? Ki nuna mana mu je yanzu." Aka yi dariya kaɗan. Ta goge allon da hannunta.

Abin da nake so in faɗa miki shi ne wannan. Mu huɗu ne a gida, amma malmalar tuwo uku Agogo ke kwashewa. In na tambaya sai ta ce ta ci a gidan maƙwabciyarmu Nabanda. Na duba, murhun Nabanda ya daɗe ba wuta, har kaza na kwanciya a cikin tokar. Sai ta ce a coci ne. Ranar Lahadi kawai ake buɗe coci. Ta ce ta ɗanɗana a tukunya tana tuƙi, alhali ni nake zama kusa da ita ina iza wuta. Na soke, na soke, abu ɗaya ya rage. Agogo ba ta ci, Amayi. Ruwan zafi take sha da ganyen kabewa.

Sai ni ma na fara cewa na ci a makaranta, ina tura mata nawa. Kwana biyu ta karɓa. A na uku ta kama kunnena ta ce, "Ke 'yar lissafi, makarantar da ko hayaƙi ba ya tashi? Ni za ki yi wa wayo? Ci, ko in ɗura miki." Na ci ina kuka. Tuwon da ta karɓa ma ashe ba ta ci ba, ta ba wa Takondwa.

Ƙafafunta sun kumbura. Ki roƙi uwar gidanki ta bar ki ki zo, ko ki aiko da gari. Ni ba ta jin maganata.

'Yarki mai kewarki,
Tadala

Maris

Amayi,

Da fatan kin koma lafiya, kuma mutanen gidan ba su yi miki faɗa ba kan kwanakin makokin Agogo. Ya ƙarin haƙuri?

Garin da kika bari yana nan, ina aunawa a hankali. Takondwa har yanzu tana leƙa ɗakin Agogo da safe. Kada ki riƙa cewa da kin zo da wuri. Mai magani ya ce cikinta ya riga ya daina karɓar abinci.

Na koma makaranta. Malama ta kira ni gefe ta yi mini ta'aziyya. Ta ce ta daina sa abinci a wasanta sai an yi girbi, yanzu na tsuntsaye da gajimare take rubutawa. Ta ce in na gano amsa in daure in ɗaga hannu. Na ce to. Dalitso bai ƙara zuwa ba, an ce sun tafi neman aikin gona.

Jiya na tuƙa tuwo na kwashe kamar yadda Agogo ke yi. Malmala uku, mu uku. Limbani ya ƙirga ya ce yau ya yi daidai. Na ba shi nawa ya ƙara, na ce na ci a makaranta. Shi bai iya sokewa ba tukuna.

Ki huta lafiya.

'Yarki,
Tadala