Idon Baba a Florence

Venice, 3 ga Yuni, 1994

Yaya Etelka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Lajos da yara. Mu dai mun iso, amma kada ki tambaye ni ko lafiya.

Shekara arba'in Baban nan namu yana koyar da zane a makarantar garinmu Eger, yana cika mana kunne da Italiya. Lokacin da iyakar ƙasarmu take rufe, kullum sai ya ce da za a bar shi ya fita, da rarrafe zai je. To ga iyaka ta buɗe, na tattara hutuna na bana gaba ɗaya na kawo shi, me ya yi? Ya zauna a kan dakali a babban dandali ya ce tattabaru suna wari.

Na ce, "Baba, ga cocin da kake zana mana a bayan takardar burodi, tashi mu shiga."

Ya ce, "Shiga ke. Ai ke ce mai ƙafa."

Jiya a gidan abinci ya karɓe takardar jerin abinci daga hannuna, wai ya fi ni Italiyanci, ya dangwala yatsa. Aka kawo masa wani naman teku mai hannaye barkatai cikin baƙar miya. Ya ci loma ɗaya, ya ce ni na ruɗa shi. A gadoji kuwa sai ya kama gwiwar hannuna kamar zai ɓalle ta, in na yi magana ya ce cunkoso ne.

Ke da kika ce aikin asibiti ba zai bar ki ki zo ba, kin yi dabara. Gobe sai Florence, daga nan Rimini, bakin teku, kwana goma sha biyu. Adireshin masaukin Rimini yana bayan takardar nan.

Ƙanwarki,
Piroska

Florence, 7 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ki.

Yau muka je babban gidan zane. Awa uku muna layi cikin rana, a bayan wasu Jamusawa masu cin tsiran alade a tsaye. Muka shiga, muka kai ɗakin da zanen nan yake, na 'yan matan da ke rawa a lambun lemo, wanda kwafinsa ke rataye a ɗakin cin abincinmu tun kafin a haife ni. Na ce yau dai zan ga hawayen Baba.

Ya matsa, ya ƙara matsawa, har hancinsa ya kusa taɓa zanen. Mai gadi ya daka masa tsawa. Baba ya ja baya, ya karkata kai kamar kaza tana kallon shaho, sannan ya ce da ƙarfi, "A littafi ya fi kyau." Ya juya ya fita. Ko minti biyu ba mu yi ba.

Na cim masa a titi. Yaya, na faɗa masa maganganu. Na ce tun rasuwar Mama ya zama mutumin da ba a iya masa. Na ce ɗalibansa sun yi ta haƙuri da maƙaryaci, mai son Italiya ta takarda. Ya tsaya yana laluben maɓallin rigarsa, sai ya ce in kai shi masauki.

Na gaji. Ina tunanin mu bar Rimini mu kamo jirgin ƙasa zuwa gida. Amma an riga an kama ɗakin, kuma shi da kansa ya ce sai ya ga teku. Ya gani ya ce me? Ruwan tafkin Balaton ya fi shi?

Piroska

Eger, 13 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata Piroska,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasiƙunki biyu sun iso tare yau da safe. Kowa lafiya. Na aika wannan ta gaggawa don ta same ki a Rimini.

Zan karya alkawari. A watan Fabrairu na kai Baba wurin likitan ido. Tsakiyar ganinsa ta tafi a ido biyu. Gefe-gefe kawai yake gani. Duk abin da ya kalla kai tsaye, baƙin tabo ne ke rufe shi. Babu tiyata, babu magani, kuma ƙaruwa yake yi. Ba ya iya karatu tun kafin bikin Ista. Ni nake karanta masa jarida ranar Lahadi.

Ya sa na rantse ba zan gaya miki ba. Ya ce in kin sani za ki soke tafiyar, ko ki riƙa jan sa kamar akuya. Likita ya ce wataƙila manyan abubuwa masu haske zai iya ganinsu, shi kuma ya rataya ransa a kan wannan "wataƙila". Ba aikin asibiti ne ya hana ni zuwa ba. Ba zan iya tsayawa kusa da shi a gaban zanen nan ba ne.

Ki yi fushi da ni, kina da gaskiya. Amma ki sassauta masa.

Yayarki,
Etelka

Florence, Litinin, 20 ga Yuni

Etelka,

Ba zan gaishe ki ba, sai na huce. Kin bar ni na kira makaho maƙaryaci a tsakiyar titi. Wata huɗu kina kallona ina sayen taswira, ina sayen masa sabon littafin yawon buɗe ido mai ƙananan rubutu, kika yi shiru. Wannan maganar sai mun zauna.

Wasiƙarki ta zo ranar Asabar. Na same shi a bakin teku, a kujerar haya ƙarƙashin laima, sanye da kwat da hula a cikin mutane tsirara rabi. Na zauna a yashi. Ban san ta inda zan fara ba, sai na ce, "Baba, jirgin ruwa nawa ne a can?"

Ya ce, "Ta gaya miki."

Na ce, "Ta gaya mini."

"Bakinta kamar na uwarku." Sai ya cire hula ya ɗora a gwiwa. "Na ga firam ɗin da ya kewaye zanen, Piroska. Firam ɗin zinariya, kusurwa huɗu, tsaf. Tsakiya kuwa kamar an shafa toka. Shekara arba'in, na zo na ga katako."

Na ce ya yafe mini abin da na faɗa. Ya ce wanne daga ciki, ai suna da yawa. Na yi kuka, mai sayar da kankana ya tsaya yana kallonmu, Baba ya ce in saya ko in daina tara mana jama'a.

Daga nan na ce mu koma Florence. Ni zan kalla, in faɗa masa, shi ya tsaya kusa da ni. Ya ce ni da ban taɓa bambance shuɗi da kore ba? Amma jiya ya sa na goge masa kwat.

Yau muka taso tun asuba, jirgi biyu, da canji a Bologna, babu wurin zama sai da wata mata ta tausaya masa. Muka iso ƙofar gidan zanen da rana tsaka. Babu layi. Na ce yau mun yi sa'a.

Yaya, ba sa buɗewa ranar Litinin. Yana rubuce ɓaro-ɓaro a littafin nan da na saya, ni mai ido ban karanta ba.

Na zauna a matakala. Baba ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarsa tun Mama tana raye.

Mun sami wani ɗan ɗaki kusa da tasha, tagarsa tana kallon bango. Kayanmu duk suna Rimini, ko buroshin haƙori ba mu da shi. Gobe da ƙarfe bakwai za mu kama layi. Tsoro nake ji. In na faɗa ba daidai ba fa?

Piroska

Florence, 21 ga Yuni

Etelka 'yata,

Ni ne da hannuna, shi ya sa layin ya karkace. Ina gaishe ki.

Mun shiga. Awa ɗaya da rabi muka tsaya a gaban zanen. Ƙanwarki ba ta iya bayani ba, ta ce wa alkyabba bargo. Amma ta ga wani ƙaramin fure a ƙarƙashin ƙafar yarinyar da ke hagu, wanda babu shi a kwafinmu, an yanke. Ban taɓa sanin yana nan ba.

Kin karya alkawari. Kada ki sake.

Ki zo tasha ranar Asabar ki tarbe mu, ki zo da laima, an ce ana ruwa a can.

Babanki,
Bertalan