A Sauko da Ajin Hajara, a Dawo da Darasin Malama Rifkatu

Zuwa ga Shugaban makarantar sakandaren da 'yata take karatu a Jalingo.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da malamanka. Sunana Talatu, tela ce ni a Sintali, mahaifiyar Hajara ta aji biyar, yarinyar nan mai tafiya da sanduna. Na zo ofishinka aka ce kana taro, na koma aka ce ka fita, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na farko, godiya. Tun da Hajara ta fara darasin zamantakewa da haƙƙin ɗan'adam a wurin Malama Rifkatu, gidanmu ya koma kotu. Yayanta Sadiƙu, wanda bai taɓa wanke ko cokali ba, yanzu yana da ranar wanke-wanke, don ta kafa masa hujja a gaban babansu. Ni ma ban tsira ba. Ta ce masu koyon ɗinki a shagona suna da haƙƙin hutun cin abinci. Na yi faɗa, na gaji, na ba su. Abin haushi, ɗinkin nasu ya fi kyau.

Na biyu. Shan inna ya kama Hajara tun tana ƙarama. Bara ajinsu a saman bene yake, kullum sai ta iso a makare tana haki. Ranar da Malama ta yi bayanin haƙƙin masu buƙata ta musamman, wani ɗan ajinsu, Dauda, ya ɗaga hannu ya tambaya, to Hajara fa? Washegari yaran da kansu, Fulani da Mumuye da Jukun, Musulmi da Kirista, suka roƙi wani aji na ƙasa aka yi musanya, suka kinkimo bencinansu suka sauko. Ta dawo gida tana dariya, tana kwaikwayon Hausar Dauda, wadda ba ta raba mace da namiji: "Hajara, ajinka ya sauko!" Rabona da in ga ta ci tuwo haka har na manta.

Na uku, ga kukana. Wannan zangon an cire darasin, an ba lissafi lokacinsa saboda jarrabawa, an mayar da Malama Rifkatu tsaron laburare. Sannan aka sa aji biyar a saman bene, ba wanda ya tuna da Hajara. Makon jiya ta zame a matakala, gwiwarta ta kumbura. Ta ɓoye mini, sai wajen wanki na ga siket ɗinta a yage. Ba na gaba da lissafi, ranka ya daɗe, da shi nake yanka yadi. Amma ba a darasin lissafi yara suka lura da mai sanduna ba.

Roƙona biyu ne. A sauko da aji biyar ƙasa, 'yan ajin sun ce a shirye suke su sake ɗaukar benci. A kuma mayar wa Malama Rifkatu darasinta, ko da sau ɗaya ne a mako.

Hajara ta ce lauya za ta zama, na kuma yarda za ta iya. Ni dai burina yanzu ta isa aji lafiya tukuna.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aikinka cikin mutunci, ya shirya mana yaranmu baki ɗaya.

Wassalam.

Talatu, Maman Hajara,
Sintali, Jalingo.