Shafina Masu Neman Agwagwa Yake Kawo Mini

Mai ba da shawara, a taimake ni kafin 'ya'yana su mayar da ni mai gadin tabarma.

Shekarata hamsin da ɗaya ina gyaran keken ɗinki. Ban yi boko ba, amma tun daga bakin ƙofa in na ji kukan keke na san abin da ke damunsa. Ciniki ne ya ja baya, shi ne babban ɗana ya ce in wata uku suka ƙara wucewa a haka, za a rufe shago in koma gida in huta. Wa ya gaya masa na gaji?

Jikata ce ta buɗe mini shafi a intanet, ina faɗa tana rubutawa. Wannan wasiƙar ma ita ke rubutawa, in kun ga an rage wani abu kun san mai laifi. Labarai masu daraja na ba ta: yadda maigidana ya koya mini sana'a, da keken da ya ɗinka wa yaran layinmu kaf kayan makaranta, da ranar da agwagwa ta shigo shago ta haɗiye mini ƙusa. Na agwagwar na sa aka ɗora a sama da manyan baƙaƙe, don ya fi daɗi. Kwatancen shago kuwa na yi shi tiryan-tiryan: ka wuce inda babbar bishiya take kafin a sare ta, ka karya dama a tsohon famfo da aka cire, sai ka tambayi kowa.

Wata biyu ke nan, mutum uku suka kira. Biyu agwagwa suke son saye, ɗaya tasa ce ba ta da lafiya.

Yanzu yarinyar nan ta ce wai injin bincike bai san ni ba. Ni da duk telan da ya isa tela ya zauna a bencina! So take a goge labaraina, a rubuta gyaran keken ɗinki sau arba'in kamar ana koya wa aku magana. Na ce sai dai bayan raina. Ga ta nan tana rubutu tana hararata. Wa ke da gaskiya? In ita ce, a faɗa a hankali.

Tsoho Mai Keke

Baba, a hankali zan faɗa: rabin gaskiyar nata ne.

Injin nan bai taɓa zama a bencinka ba, abin da ka rubuta a sama shi ya sani. Ka ce agwagwa, ya turo maka masu agwagwa, ka ga kuwa yana aikinsa. Ka bar jikarka ta sa sana'arka da sunan unguwarka a saman shafin, da adireshi na yau, da lambar waya, da lokacin buɗe shago. Ta kuma yi wa shagon rajista a taswirar intanet. Telan da kekensa ya tsaya da kayan mutane a hannu ba zai nemo famfon da aka cire ba.

Ke kuma mai rubutu, tunda ke za ki karanta masa, kada ki tsallake nan. Maimaita kalma sau arba'in ba ya burge injin, mai karatu kuma gudu zai yi. Abin da ke cikin kan kakanki shi ne abin da sauran shafuka ba su da shi. Ki zaunar da shi ki tambaye shi abin da teloli ke tambaya: me ke sa zare tsinkewa, me ke sa allura tsallake ɗinki. Kowace tambaya ta samu shafinta, tambayar a sama yadda mutane ke faɗinta, amsar ta biyo nan take, sannan labarinsa. Telolin da ya yi wa aiki su rubuta shaidarsu.

Aikin nan ba ya nuna kansa a mako guda, Baba. Ka nuna wa ɗanka wannan amsa, ka nemi wata shida maimakon uku. Bishiyar da aka sare ka bar ta a shafin, amma ƙarƙashin adireshi. Agwagwa ma ta zauna, sai dai ta sauka ƙasa.

Allah ya kawo kasuwa, ya bar tabarma a naɗe.