Akwatin Ƙyanƙyasa Mai Gaisuwa

Daga Bawku.
Ɗana Tajudeen, sallama da gaisuwa mai yawa. Ya Yendi, ya aiki?

Akwatin ƙyanƙyasar da ka haɗa mini ya iso, na zuba ƙwan zabina duka. Da an danna maballi sai muryar yayana Wadud ta fito tana gaisuwa, har da tambayar gajiyar shekaranjiya. Matan unguwa sun maida ɗakina dandali, kowacce sai ta danna ta amsa. Amma jiya na taɓa ƙwan na ji su sanyi ƙalau. Hankalina ya tashi, don ba ni da wasu.

Gwaggonka, Atikatu.

Daga Yendi.
Baba Wadud, ina gaisuwa da ladabi. Ya mutanen Salaga?

Ƙwaƙwalwar akwatin Gwaggo abu ɗaya take yi a lokaci ɗaya. Aikinta auna zafi, juya ƙwai da kunna hita mai ɗumama su. In an danna maballi sai ta katse komai ta kula da mai dannawa, shi ya sa ƙa'idar aikinmu ta ce duk abin da zai katse mata aiki ya zama gajere. Kai ka ce akwati ba zai shiga gidan ƙanwarka bai gaida mutane ba, na ɗauki muryarka. Baba, kafin ka kai kan lafiyar awaki, hita ta huce. Ka ba ni izini in rage ta zuwa "sannu".

Ɗanka, Tajudeen.

Daga Salaga.
Tajudeen, bayan gaisuwa, wadda ni ban rage ba.

"Sannu" kawai? Da muryata? A Bawku, garin surukaina? Kakanninmu sun yi fataucin goro har Kano, ba wanda ya taɓa guntule gaisuwa don ƙwai. Na ma tuna ban tambayi lafiyar jikoki ba. Ka zo ka ɗauki ƙarin.

Allah ya shirye ka. Wadud.

Daga Bawku.
Tajudeen, ina gaishe ka.

Yaya ya gaya mini komai, kada ka yi faɗa da babanka. Na kwashe ƙwan na sa wa kajin maƙwabciyata Sadia masu kwanci, su ba ruwansu da kowa, ka matso ma su tsattsage ka. Rabi sun lalace, na yi kuka na share hawayena. Sauran sun ƙyanƙyashe jiya.

Akwatin kuwa na kai shi zaure. Duk baƙon da ya zo su gaisa da Yaya Wadud, kafin su gama na sauke tuwo. Ka zo ka sa masa gaisuwar jikokin.

Gwaggonka, Atikatu.