Yaya, Wa Zai Gaya wa 'Yarki?

Zuwa ga Yaya Hansai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙane ga yayarsa, ina fatan kina cikin rahama a inda kike kwance. Na san takardar nan ba za ta iske ki ba. Na rubuta ne don na rasa wanda zan gaya wa, kuma hannun nan bai manta abin da aka koya masa a elementare ba.

Yaya, an yanke mini nono. Na hagu. Na san da kina raye sai kin yi dariya kafin ki yi kuka.

Bara da kaka na ji wani ƙullutu a wurin, kamar ƙwayar gurjiya. Sale wanzami ya yi mini ƙaho, ya ce mataccen jini ne. Da abin ya fara tsatsar ruwa sai na hau motar Minjibir zuwa asibiti a birni. Aka zaunar da ni a benci cikin mata zalla, har ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ina matar da na kawo.

Suka ce daji ne, irin wanda ke kama mata, amma jefi-jefi yakan faɗa wa namiji. An yi aiki, wurin ya warke. Malam Idi maƙwabcina ne ya yi jinyata, shi kaɗai ya san gaskiya. Sauran mutanen gari sun ɗauka maruru aka fasa, ban kuwa gyara musu ba.

Yanzu likita ta ce da sauran aiki, ta ajiye mini hanya biyu. Ko in zauna gida ina shan ƙwaya kullum har shekaru, ko a haɗa mini da maganin ƙarin ruwa da gasa wurin da na'ura. Na biyun ya fi tsare dawowar ciwon, amma yana kayar da mai ƙarfi ma, balle ni da iska ke ɗauka. Na tambaye ta wanne ya fi dacewa da irina. Ta ce maza masu wannan ciwo ba su da yawa, da abin da aka gani a jikin mata ake auna namu. Tun ranar tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba.

Ta kuma ce ba za su fara na biyun ba sai na zo da wanda zai zauna da ni, ya kwashe amai, ya riƙe ni zuwa banɗaki. Damina ta faɗi, kuma a shekarun nan da hatsi ya gagari talaka ba zan raba Malam Idi da gonarsa ba. Uwar yara ta riga ki tafiya. Ɗana Garba yana kudu yana gadi, waya ma sai an yi sa'a.

Saura 'yarki.

Tun ranar da aka yaye ta kika goya ta zuwa Bagwai, duk abin da ke tsakanina da ita ta bakinki yake bi. 'Yata ce ta fari. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa cin abinci tana kallo ba. Kin sha ce mini, "Kai da 'yarka kamar surukai! Ranar da ba ni, sai ku yi ta gaisawa ta katanga."

Da sallah ta zo, ga ta har da jika. Ta durƙusa daga bakin zaure ta ce na rame. Na ce azumi ne. Ta daɗe kanta a ƙasa, sannan ta tashi.

To yaya zan ce nono a gabanta, Yaya? Yaya zan ɗaga riga ta shafa mini magani a inda wuta ta gasa? Ga shi kullum in ina alwala sai hannuna ya zarce hammata yana lalube. Shekaranjiya na ji kamar wani abu. Wataƙila ba komai ba ne. Wataƙila.

Ba zan ɓoye miki ba, ban gaji da duniya ba. Ina son in ga geron bana a rumbu, da na baɗi.

Na aika mata ta wayar Malam Idi ta zo ranar Juma'a. Litinin likita ke jirana. Tsorona ɗaya: ta zo, mu gaisa, mu yi maganar ruwa da tsadar taki, ta koma. In haka ta faru zan je in ce na zaɓi ƙwaya, likita ta ɗauka tawakkali ne.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya saka miki riƙon da kika yi mata da Aljanna. Ni kuma ya Allah, ranar Juma'a Ka buɗe mini baki.

Ƙanenki,
Mamman