Bishiyar da Mahaifinka Ya Bar wa Gara

Zuwa ga ɗana Gamarrang, a birnin Melbon,

A sanar da mazauna tudu da mazauna teku, da masu mulki a Kanbera idan suna da lokacin saurare, cewa ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, a gindin mangwaron ƙofar gidana, haƙorina na gaba ya ajiye aiki. Ya faɗi ne a fagen fama, yana tsakiyar gwabzawa da ƙafar ƙaguwa. Na karanta labarin rushewar dauloli da yawa, daga Masar har Rum, ban kuwa ga wadda ta faɗi da mutunci irin na wannan haƙori ba, wanda ya yi mini hidima tun zamanin 'yan mishan bai taɓa neman hutu ba. Na ba da umarni a yi tsit na ɗan lokaci domin girmama shi. Innarka Gutjan, wadda na aura domin ta riƙa mara wa hukuncina baya, ta ce in ɗage ƙafata tana shara.

Bayan wannan babban labari, ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya tsare ku daga sanyin garin nan naku, wanda har yau ban ji wani masani ya faɗi amfaninsa ba. Mu nan gida lafiya lau. Ruwa ya ɗauke, iskar gabas ta fara kaɗawa, ciyawa tana yin ja. Yara sun samo ƙwan kunkurun teku a bakin yashi, an ci an yi hamdala. An gyara famfon tankin ruwa, ya kuma lalace, an bar shi ya huta. Tsohon mawaƙinmu Bangadi yana fama da gwiwa, amma muryarsa tana nan, bakinsa ma yana nan, abin da ba kowa ke murna da shi ba.

Wayar da ka bugo ranar Lahadi ta yanke kafin in buɗe baki, mutanen gidan nan kuma suka ɗauki hakan a matsayin rahamar Ubangiji. Amma na ji abin da ka faɗa. Ka ce makarantar 'yarka Galikali ta roƙe ka ka zo ka busa musu yidaki, doguwar sandar busarmu mai rami da suke kira dijiridu, tunda kai ɗan asalin inda ake yin ta ne, kai kuwa ka ce kana mura. Ka ce daga baya ka shiga ajin yamma wurin wani Bature mai koyarwa da bututun roba, kuma ranar farko ya bi ku ɗaya bayan ɗaya yana tambayar abin da ya kawo kowa. Kowa ya faɗi nasa. Kai kaɗai ne baƙar fata a ɗakin, kai kaɗai kuma ba ka da amsa. Sai ka ce, Baba, wai me ke sa mutum ya koyi wannan abu? A nan wayar ta mutu. To ga amsar, daga bakin wanda ya shekara da shekaru yana zaune a inuwa yana nazarin masu zuwa koyo kamar yadda wasu ke nazarin taurari.

Akwai masu zuwa domin lafiya. Na farkon da na gani wani Bajamushe ne mai tumbi, wanda matarsa ta turo saboda wani likita ya ce masa busa tana rage minshari. Muka ba shi masauki a barandar makaranta. Kafin mako ya zagayo karnukan unguwar sun koma kwana bakin teku. Bangadi ya ce mini, Burralang, kada ka wahal da kanka, wannan ai ya riga ya iya, sandar ce kawai bai samu ba. Akwai masu neman kwanciyar hankali, waɗanda ke rufe ido su yi ta busa har su ce sun fara ganin launuka. Su ma Bangadi ke warkar da su: jiri ne, ɗan'uwa, shaƙi iska. Akwai kuma masu son abin ratayewa a bango, su ne suka fi kowa tambayar ma'anar zanen, su ne kuma ba sa tsayawa jin amsa.

Amma kada in zalunci baƙi. Akwai wani saurayi Bajapane, Shinsuke, da ya ji sautin sau ɗaya a tashar jirgin ƙasa a Osaka, ya tsaya har jirginsa ya tafi, daga baya aikinsa ma ya tafi. Ya zo nan da 'yar jaka da littafin koyon harshe wanda rabinsa kuskure ne. Idan za a sare bishiya sai ya rusuna mata, sa'an nan ya juya ya rusuna wa surin gara. Innarka ta so shi ƙwarai saboda yana wanke kwano ba a sa shi ba, ta kan ce in zauna kusa da shi ko zan kamu. Ya yi wata da watanni yana hura kumfa a kofin ruwa da tsinken shan lemo, yana koyon yadda hanci ke jan iska alhali kumatu suna tura wata. Ranar da numfashin ya zagayo masa ba yankewa, ya ajiye yidakin ya zauna a ƙasa yana hawaye. Muka tambaye shi me ya same shi, ya ce shi ma bai sani ba. Wannan amsar ce na fi girmamawa cikin duk waɗanda na ji.

Samarinmu kuwa dalilansu a fili suke. 'Yan mata suna kallon mai busa a filin rawa, ana ajiye masa wuri a gaban mota idan za a je biki wani gari, shi ake fara zuba wa shayi. Ni kaina na shiga wannan sana'a ta hanyar nasara a jarrabawa. Kakanka ya jera mu ya ce kowa ya rera waƙa. Da na buɗe baki bai bari na kai rabin baiti ba, ya miƙo mini yidaki ya ce, ungo, toshe da wannan.

Mahaifinka shi bai taɓa samun dalili ba, kamar yadda kifi ba shi da dalilin iyo. Tun rasuwarsa, shekarun da ake ɓoye sunan mamaci a al'adarmu sun wuce da daɗewa, jama'a sun saki nasa, amma harshena ya ƙi, saboda haka ƙanena zan ce. Ƙanena duk abin da ke da rami sai ya busa shi: kwalba, kara, bututun hayaƙin mota. Ya taɓa cire bututun ruwan sama na jikin majami'a, aka yi ta nema, sai aka ji shi yana kuka a bayan kurmi. Ko tafiya yake bakinsa na karanta kiɗan, harshe na dukan dasashi, har mata masu haƙar doya su ce ga injin jirgin ruwa nan tafe. Idan ya zauna a gefen Bangadi a filin rawa, sandunan kiɗa suka fara, ba a kunne ake jin busarsa ba, a tafin ƙafa ake jinta. Ni na girme shi, na fi shi karatu nesa ba kusa ba, amma idan ya ɗauki sanda sai in ajiye tawa in nemi aikin hura wuta.

Ba za ka tuna ba, kana goye ƙirjinka ya taɓa cikewa, numfashi yana fita da ƙyar, hanya kuma ruwa ya yanke ta, jirgin likita bai iso ba. Mahaifiyarka Bulanjan ta zauna da kai a inuwa da tsakar rana, shi kuma ya ɗora bakin yidakinsa a ƙirjinka ya yi ta busa a hankali, ƙasa ƙasa, har kukanka ya tsaya ka yi barci. Likita ya zo da yamma ya yi maka allura, kuma ba zan shiga tsakaninsu ba a kan wanda ya warkar da kai. Abin da na gani da idona shi ne, daga ranar, ko daga nesa ka ji busa sai ka kai hannu ƙirji. Ka duba kanka a ajin Baturen nan, ina zaton har yau hannun yana zuwa.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na ɓata takardar makaranta. Da ka fara tafiya, wata rana muka shiga daji neman sanda, kana bisa wuyan mahaifinka ka riƙe gashinsa. A kan tudun da ke bayan rafin bauna ya tsaya gaban wata siririyar bishiyar gadaika, miƙaƙƙiya, ya ƙwanƙwasa ta da bayan gatari, ya kara kunne. Na ce a sare. Ya ce a'a, Yaya, gara yanzu ta fara aikin rarake cikinta, rabu da ita, wannan ta mutumin da ke kaina ce, kafin ya yi gemu ta gama masa. Ya yi mata shaida da bakin gatari daidai tsayin ƙafarka da ke lilo a ƙirjinsa. Damina ba ta zagayo sau biyu ba ya rasu, mahaifiyarka ta tafi da kai kudu domin karatu, ta kuwa yi daidai.

Tun daga lokacin, duk shekara idan ruwa ya ɗauke nakan je in nome ciyawar gindinta kafin a sa wa daji wuta, in ƙwanƙwasa, in saurara. Shekara da shekaru tana ba ni amsa iri ɗaya, ta wanda bai shirya ba. Bana ta sauya murya. Na kai Bangadi a kan gwiwarsa guda, ya ƙwanƙwasa daga ƙasa har inda hannunsa ya kai, ya kara kunne. Sa'an nan ya ce gara ta gama, kuma gara ba ta san an tashi daga aiki ba. In aka bar ta ta ƙara damina ɗaya, jikin zai yi sirantar da ba zai riƙe murya ba, ko kuma guguwar farko ta kwantar da ita. Ban da haka, Wamut mai sassaƙa wa 'yan yawon buɗe ido ya sake fara bi ta wurin yana kallonta da gefen ido. Na shaida masa cewa wani baƙin maciji mai iyali da yawa yana haya a ciki. Ya ce, Baba, bara ma haka ka ce. Na ce ai ya sabunta hayar.

Innarka ta ce in daina wahalar da yaro, in sare in fere in aika maka ta gidan waya. Na yi mata bayani, kuma zan yi maka, domin ita ba ta tsaya ji ba. Ba a yanke tsawon yidaki da igiyar awo. Ana sarowa da tsawo, a ɓare, a wanke cikin da ruwa, mai ita ya sa baki ya busa. A rage kaɗan, ya sake busawa. A kuma ragewa, har sai muryar ta zauna daidai da ƙirjinsa, a nan zarto ke tsayawa, kuma abin da aka yanke ba ya komawa. In na yanke ta da bakina, tawa na yi, ga ni kuwa da su har uku a ƙarƙashin gado. Ballantana yanzu da fadar bakina ta rasa mai tsaron ƙofa. Na gwada jiya, iska ta bi ta gurbin haƙorin ta fita da wani sauti wanda ya sa kajin gida suka taho da gudu suna zaton hatsi ne.

Saboda haka ka zo a hutun makarantar Galikali, kafin gajimare su fara taruwa. Kada ka ce sai ka iya. Mahaifinka bai ce sai ka iya ba, gemu ya ce, kuma na ga hotonka. Kada kuma ka bar ajin Baturen, yana ƙarfafa maka kumatu, ka gaishe shi. In ya sake tambaya, ka ce masa akwai bishiyar da ke jiranka. Sauran, wato kiɗan da ƙanena ke karantawa yana tafiya, yana nan a harshena, kuma wannan ba ya bukatar haƙori. Zan karanta maka shi tun daga ƙofar gida har tudun.

Ka gaishe da mahaifiyarka Bulanjan, ka ce mata shaidar gatarin tana nan, ɓawo ya kusa rufe ta amma yatsa yana samunta. Ka gaishe da maiɗakinka Marisa, da matata ta kaina Galikali, ka shaida mata mijinta ya yi giɓi amma kyansa na nan. Bangadi yana gaishe ka, ya ce ka taho masa da man shafawa na gwiwa. Wamut ma yana gaisuwa, da wata manufa.

A ƙarshe, kotun gindin mangwaro ta zauna a kan wata ƙara da innarka ta shigar. Ta ce ta umarce ni in rubuta maka kalma ɗaya tak, wato zo, ni kuma na cinye takardun yara da tawadar biro guda. Wanda ake ƙara, wanda shi ne alƙali, ya amsa laifinsa. An ci shi tarar ƙaguwa biyu manya, ya kamo da hannunsa, ya dafa, ya zauna yana kallo ana ci, tunda ba shi da abin fasawa. Sai dai doka ta ce ba a biyan irin wannan tara sai a gaban shaida ɗan gida mai gemu. Innarka ta riga ta wanke tukunya.

Naka har kullum,
Babanka Burralang