Gaisuwar Gogo a Shingen Alshajara

Unguwar Mayo

Yaya Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da matarka Hanan da yara. Waya ta mutu, shi ya sa na ba Dogo direba wannan takarda.

Mayaƙan da suka riƙe unguwarmu sun fara janyewa, suna kwashe abin da ya rage, har ƙyauren banɗakinmu sun ɓalle. An ce sojoji sun iso Alshajara. Maganin sukarin mahaifiyarmu Gogo ya ƙare, ƙafarta ta kumbura. Kuma tun da bom ya faɗi a kasuwa Larabci ya gudu daga bakinta, Hausa zalla take yi, sai ka ce ba a Gezira aka haife ta ba. Zan kawo ta wurinka kafin ƙafar ta ruɓe. Tsoro nake ji, Yaya.

Ƙanwarka,
Kubra

Omdurman

Zuwa ga Kubra,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ki karanta da kyau.

A shingayen sojoji, duk wanda aka ji da yaren yamma irin Hausarmu sojan haya ne a wurinsu, ko mai dafa wa sojan haya. Ba mai tambayar ki ko kakanki mahajjaci ne da ya yada zango a ƙasar nan tun da can. An tafi da Ishaku tela saboda ya ce “sannu”, har yau shiru. Ki ce mahaifiyarmu bebiya ce. Ki rufe mata fuska da mayafi, ki hana ta gaida kowa. Na san halinta, ko akuya ta gani sai ta tambaye ta kwanan gida.

Allah Ya tsare hanya.

Yayanki,
Mika'ilu

Alshajara

Yaya,

Gaisuwa a gurguje. Mun wuce shingen farko, muna gidan Inna Uwa, 'yar'uwar Gogo.

Na ce musu bebiya ce. Wani soja siriri ya leƙo motar, hafsansu na tsaye a bayansa. Gogo ta yaye mayafi ta ce, “Sannu da rana, ɗan nan. Ina mutan gida?”

Yaya, yaron ya buɗe baki zai amsa da Hausa, na ga leɓensa ya tashi, sai ya haɗiye. Hafsan ya tambaye shi me tsohuwa ta ce. Yaron ya ce da Larabci, “Sambatu ne, ranka ya daɗe, ta taɓu.” Ya buga motar da hannu ya daka mana tsawa mu wuce.

Gogo ta ƙi cin abinci. Wai ba a taɓa ƙin amsa mata gaisuwa ba, kuma gobe a shingen gadar Omdurman sai ta gaida su da ƙarfi, tunda yaran yanzu kurame ne.

Ka jira mu a bakin gada. Ka yi addu'a.

Kubra